A Kawo Gawar, a Karɓi Wani

Tun da Mama ta rasu Baba ya daina magana. Ba wai bakin ne ya mutu ba. In ka gaishe shi zai amsa, in ka tambaye shi ko ya ci abinci zai ce ya ci, ko da kuwa kwanon na nan a rufe yadda aka kawo shi. Amma hira, irin wadda ya saba cika falo da ita har a rasa mai sa baki, wannan kam ta bi matarsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo, wanda tun daga bakin ƙofa yake jin ƙarar akwati ya faɗa maka abin da ya ƙone a ciki, sai ga shi zaune a gidan da babu abin da ke motsi sai agogon bango.

'Ya'yansa biyu ne. Yaya, babban, yana can ɗaya gefen gari da iyalinsa, yana leƙowa ran Lahadi da ledar magunguna da buhun shawarwari. Auta kuwa ɗinkin kayan makaranta take yi a wata masana'anta, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, kuma Asabar ce ranar zuwanta. Ta share, ta wanke, su zauna su yi shiru tare, ta tafi. Kowanensu yana ganin ya sauke nauyi. Sauran kwana biyar ɗin kuwa daga Baba sai agogo.

Dabarar tsuntsu ta Auta ce. Layi uku daga gidan akwai wani shagon sayar da dabbobin gida, wanda tun daga kwanar titi ake jin waƙar tsuntsayensa tana tashi, ba dare ba rana, ba gajiya. Wata Asabar tana wucewa ta tsaya ta saurara, sai ta ce a ranta, ko da bakin mutum ya gaza, wannan muryar za ta iya shiga kunnen Baba.

Shagon siriri ne mai tsawo. Daga gaba akwai kifaye cikin gilashin da ruwansa ya soma kore, da zomaye uku a kejin da ɗaya ma sai ya takure, da 'yan kyanwoyi a kwali waɗanda idonsu bai gama buɗewa ba. Kejin tsuntsaye kuwa an jera su wani kan wani har rufi, ta yadda kashin na sama ke sauka cikin ruwan shan na ƙasa. An fesa turaren ɗaki har yana hawa kai, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da turaren bai iya dannewa ba. A bango an rataye takardar shaidar duba lafiyar dabbobi cikin gilashi, sai dai wata kalanda ta rufe daidai wajen kwanan watan. Can ƙurya kuma akwai ƙofa da aka yi wa labule da tamfol.

Auta ta ga duk wannan, don ba makauniya ba ce. Amma mai nema ba ya ganin aibu sai ya samu. Abin da ya fi ɗaukar idonta shi ne wani kwali da aka rubuta da hannu aka liƙa a jikin kanta: duk tsuntsun da ya mutu cikin kwana goma, a kawo gawar, a karɓi wani. Sai ta ji mai shagon ya kwanta mata. Ta ce wannan ɗan kasuwa mai tsoron Allah ne. Bai zo mata a rai ta tambayi kanta ba, me ya sa mai sayar da abu mai rai zai yi wa mutuwarsa tanadi haka, kuma me zai yi da gawa.

Mai Tsuntsaye, haka kowa ke kiransa a unguwar, mutum ne mai sanyin murya da ke ce wa kowace mace ƙanwata. Ya zaɓo mata kanari rawaya fes, ya haɗa mata da ƙaramin keji da ƙullin gero, ya rako ta har bakin ƙofa.

Baba ya daɗe yana kallon kejin a kan tebur. Can sai ya ce, "Wannan ɗan hayan kuma, wa zai riƙa biya masa ɗaki?"

Wata bakwai ke nan rabonsa da zolaya. Auta ta shiga kicin ta yi kamar tana neman wani abu, don kada ya ga hawayenta. Sunan kuwa ya zauna, tsuntsu ya zama Ɗan Haya.

Washegari Yaya ya zo ya gani, ya kuwa buɗe buhunsa. Ya ce tsuntsu ƙazanta ne, ya ce mutum mai shekara saba'in da uku da ƙirji irin na Baba bai kamata ya zauna ɗaki ɗaya da gashin tsuntsu ba, ya ce ko an tambayi wani likita kafin a kwaso? Auta ta mayar masa ta waya cewa shi dai kullum da ƙorafi yake zuwa, bai taɓa zuwa da abin da ya sa Baba dariya ba. Suka yi ta yi har ya ce to, in wani abu ya biyo baya kada a neme shi. Maganar ta yi mata zafi, kuma daga ranar ta ƙudura cewa ko me za a yi, Yaya ba zai ci wannan gardamar ba.

Baba ya sami aikin yi. Kullum da safe sai ya yaye tsohon zanen Mama da yake rufe kejin da shi, ya zaro kwanon geron, ya kai daidai bakinsa ya hure ƙaiƙayin da tsuntsun ya bari a sama, ƙurar ta tashi ta sauka a gemunsa yana dariya. Sannan ya jawo farantin ƙasan kejin ya kankare busasshen kashin da tsohon sukuddirebansa, a bushe, har ya zama gari, wai ruwa na sa ƙarfe tsatsa. Babu wanda ya gaya masa a jiƙa ake wankewa, babu wanda ya ce ya rufe hanci, don babu wanda ya gaya wa Auta. A wannan makon sau uku yana kiranta a waya da kansa, don kawai ya ba ta labarin abin da Ɗan Haya ya yi.

Asabar ta zagayo, ta zo da wuri. Ƙofar ɗakin Baba a rufe, zanen yana nan kan keji, gidan shiru. Ta ɗaga gefen zanen. Tsuntsun na kwance a ƙasa, ƙafafu a dunƙule, ido ya manne da kwantsa, jelarsa ta ɓaci da wani kore-kore.

Gaskiya ba tsuntsun ta ji wa ba. Rufaffiyar ƙofar can ta kalla. Ta hango Baba ya fito ya tarar da wata mutuwar a falonsa, ya koma kujerarsa ya rufe baki, wannan karon har abada. Ta hango Yaya yana gyaɗa kai. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ta naɗe gawar a hankici ta fita da sanɗa.

Mai Tsuntsaye yana ba zomaye ruwa ta same shi. Ko gezau bai yi ba. Ya zura hannu a leda ya karɓa, ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, ya ɗaga tamfol ya shige. Ta ji an buɗe murfin wani abu mai nauyi an mayar. Da ya fito yana riƙe da wani kanarin, rawaya fes, kamar an tsaga kara. Ya ce baƙunta ce, wasu ba sa jure canjin wuri. Ya ƙara mata da wata 'yar kwalba marar takarda, ya ce ɗigo uku a ruwan sha kullum, za ta ga yadda zai yi kuzari.

Kafin Baba ya fito komai ya koma daidai, har zanen ta mayar. Ya yaye, sabon ya yi tsalle ya saki murya. Baba ya tsaya ya karkata kai gefe, yadda yake yi a da in an kawo masa rediyo. Auta ta riƙe numfashi. Sai ya juyo ya tambaye ta ko akwai ruwan zafi, yau shayi yake sha'awa.

Daga ranar ba ta sake yarda gari ya waye wa Baba da kejin shi kaɗai ba. Kullum shida da rabi tana bakin ƙofa da burodi a hannu. Ta fara leƙa ƙarƙashin zanen, in ta ga motsi ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗora ruwa. Baba ya fito su sha shayi, ya ba ta labarin da ta ji sau ɗari tana yarinya, ta yi dariya kamar yau ta fara ji, sannan ta ruga wajen aiki a makare shugabar ɗinki tana harararta. Baba ya murmure. Har rediyon maƙwabci ya karɓa ya gyara. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to furen wannan ya yi kyau har ya rufe mata ido.

Na biyun ya yi kwana tara. Na ukun ya yi takwas. Duk hanya ɗaya suke bi: kwana huɗu na waƙa da tsalle, sai gashi ya tashi, sai ido ya jiƙe, sai ta ɗaga zane wata safiya ta ga ƙafafu a sama. Kuma duk ranar da hakan ta faru, ƙofar Baba ba ta buɗuwa sai ta je ta dawo. Ta ɗauki wannan a matsayin sa'a.

Ran da ta kai na ukun ta yi ta maza ta tambaya, anya lafiya kuwa tsuntsayen nan? Mai Tsuntsaye ya yi murmushi ya ce ai kanari ransa a bakin fiffike yake, shi ya sa ma ya ɗauki asarar a kansa, wane shago ne a garin nan zai yi mata haka? Tana juyowa ta ga wani dattijo a bayanta yana jiran layi, da ɗan ƙullin takarda a tafin hannu. Ya kalli nata hannun, ta kalli nasa. Babu wanda ya gaida wani.

Kwana huɗu da zuwan na huɗun Baba ya tashi da ciwon kai. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, da wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Aka sayo ƙwayoyi a kantin magani, aka ce sanyi ne. Amma ran da ya kasa kai kansa banɗaki sai da ya tsaya sau biyu yana dafa bango yana haki, Auta ta kira Yaya, suka ɗauke shi sai asibiti.

Likitar da ta gan shi mace ce mai ƙananan shekaru, da alamar ta gaji amma ba ta gaggawa. Ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta duba hoton huhu, ta sa aka ɗaura masa iskar oksijin. Sannan ta jawo kujera ta soma tambayoyi tana rubutu. Yana shan taba? Ya yi tafiya kwanan nan? Akwai mai tari a gidan? Akwai dabba, musamman tsuntsu?

Yaya ya kalli Auta ta gefen ido ya ce akwai, kanari guda.

Likita ta ɗago. Ta ce akwai wata cuta da mutum kan shaƙa daga ƙurar kashin tsuntsu marar lafiya, kuma maganinta daban yake da wanda za ta fara ba shi, don haka tana so a gaya mata daidai: tsuntsun ya taɓa nuna rashin lafiya, ko an taɓa samun wanda ya mutu a gidan?

Yaya mutum ne mai son a ce ya yi adalci, musamman a gaban baƙo. Ya ce shi kam tun farko bai so tsuntsun ba, amma gaskiya ɗaya ce, sati biyar ke nan yana gidan, duk Lahadin da ya zo yana nan yana cika wa mutane kunne.

Likita ta juya ga Auta. "Ke ce ke zuwa kullum, ko? Haka ne?"

Baba na kwance, idonsa biyu, yana kallonta ta saman robar da ke hancinsa. Yaya na tsaye a kanta. Kalma ɗaya ce za ta rushe sati biyar a gaban su biyun. Ta ce a ranta za ta bi likitar waje ta gaya mata a keɓe, yanzun nan, in an fita.

"Haka ne," in ji ta. "Shi ɗaya ne."

Likita ta ja layi a kan wani abu da ta rubuta, ta miƙe. Kafin Auta ta kai ƙofa an kira likitar wani ɗakin. Washegari wani likitan ne ya zagayo, ga Yaya a zaune. Jibi kuma ta ce bari a ga ko maganin zai kama, in ya kama ai shi ke nan, ba sai an tona komai ba. Haka mutum yake wa kansa, yana ɗaga rana yana kiranta haƙuri.

Maganin bai kama ba. Kwana uku zazzaɓin bai sauka ba, Baba ya soma kiran nas da sunan Mama. In Auta ta sunkuya gyara masa filo tana jin wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarshen kowane numfashinsa.

A safiya ta huɗu ta biya gida ba tsuntsu abinci. Ta yaye zanen. Na huɗun na tsaye a ƙasan keji, gashi a tashe, baki a buɗe, jela na rawa da kowane numfashi. Gidan shiru ne, don haka ta ji. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Irin ƙarar nan ce take ji a ƙirjin Baba.

Ba ta san lokacin da ta isa shagon ba. Waƙa na tashi kamar kullum. Mai Tsuntsaye ya dubi hannunta, da ya ga babu ƙulli sai ya ɗan yi mamaki. Ta ce ba musanya ta zo ba, tambaya ɗaya ce: abin da ke kashe tsuntsayen nan, yana kama mutum?

Ya buɗe baki zai amsa, sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya, kumfar gilashin kifi ta tsaya. Waƙar ma ta yanke a tsakiya, ɗif, kamar an sa almakashi. Auta ta ɗaga kai, sai ta ga 'yar baƙar sifika a maƙale bayan kejin sama, da waya ta bi bango. Ta bi kejin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsaye sun fi ɗari a ɗakin nan, babu ko ɗaya da ke waƙa. Suna tsaye a kan sanduna, gashi a tashe, wasu ido a rufe. A cikin shirun sai ƙarar ta fito daga ko'ina, daga sama, daga ƙasa, daga bayan tamfol, ƙas, ƙas, ƙas.

Iska ta ɗan ɗaga tamfol ɗin. Ta hango wasu kejin a jibge a duhu, da wata doguwar firiza da aka danne murfinta da bulo, da takunkumin hanci a rataye a ƙusa.

Mai Tsuntsaye ya sa ƙafa ya danne labulen. Muryarsa ba ta canza ba, nan ma abin tsoron yake. "Ƙanwata, ni tsuntsu nake sayarwa, ba likita ba ne. Sau uku kika zo nan da ƙafarki, da gawa a hannu, kika karɓi wani kika kai wa tsoho. Ni na aike ki? In magana ta fita, ke za a fara tambaya." Sannan ya ƙara da cewa na wajenta yau kwanansa tara ne kawai, in ya cika zuwa gobe ta kawo, alkawari na nan.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu ƙarya a maganarsa. Yanzu ta gane amfanin kwalin nan. Duk gawar da ta dawo hannunsa, gawa ce da likitan dabbobi ba zai taɓa gani ba, kuma duk wanda ya karɓi sabon tsuntsu ya karɓi abin rufe bakinsa. Ita kuwa ta taya shi aikin sau uku, tana godiya.

A barandar asibiti ta tare likitar farko, ga Yaya a tsaye da filas a hannu. Ba ta nemi keɓewa ba. Ta faɗi komai tiryan-tiryan: huɗu ne ba ɗaya ba, uku sun mutu, na huɗun na kan hanya, ga yadda Baba ke hure gero da baki, ga yadda yake kankare faranti a bushe, ga kwalba marar takarda.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta kira nas ta ba da umarnin a canza magani nan take. Ta ce a rufe hanci da baki, a sa kejin gaba ɗaya a leda a kai ofishin kula da lafiyar dabbobi, ita ma Auta a duba ƙirjinta. Sannan ta ce, "Da na ji wannan ran da kuka zo," sai ta bar maganar a nan. Ta ce cutar na jin magani in an tare ta da wuri, amma yanzu ta kama huhu biyu, zuciyar kuma ta tsufa. Kwana biyun nan su za su nuna.

Auta ta jira tsawar Yaya. Ta ma so ya yi, ko ta sami sauƙi. Ya ajiye filas ɗin a kan benci a hankali ya ce, "Har ni kin sa na yi wa likita ƙarya." Ya wuce ɗakin Baba.

Tsuntsun ya cika a hanya, cikin ledar, kafin Auta ta kai ofishin. Ma'aikatan suka karɓa da safar hannu, suka rubuta kwatancen shagon. Da suka je washegari da hantsi sun tarar da ƙofa da kwaɗo. Maƙwabta suka ce wata mota ta zo tun da sassafe an lode kejin duka, har da firiza, ba su san wace unguwa aka nufa ba. Sifikar kawai aka manta, tana ciki tana ta waƙa.

A yammacin ranar Baba ya farfaɗo, idonsa ya washe, ya gane kowa. Yaya ya fita karɓo magani. Auta ta durƙusa a gefen gadon ta kama hannunsa, ta ce tana da abin da za ta faɗa masa game da Ɗan Haya, kuma ya yafe mata.

Baba ya janye robar daga fuskarsa. Maganar na fita guntu-guntu, yana hutawa a tsakani.

"Wanne daga ciki? Na farkon yana jan murya sau uku kafin ya sake. Na biyu ba ya ja, faɗawa kawai yake. Na uku muryarsa da ɗan tsatsa." Ya yi ɗan murmushi. "Auta, shekara arba'in ina cin abinci da kunnen nan."

Ta ƙara riƙe hannunsa.

Ya ce na farkon shi ya fara ganinsa, tun gari bai gama wayewa ba. Ya kasa ɗauka, sai ya mayar da zanen ya koma ɗaki ya zauna. Yana ji ta shigo, yana ji ta fita, yana ji ta dawo tana haki. Sauran biyun ma haka. Yakan gani ya rufe, ya koma ya jira.

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba? Ko a gaban likita?"

"Ke me ya sa?" Ya daɗe yana neman iska. "A gaban likita, na ga yayanki a tsaye a kanki. A gida kuwa, kafin tsuntsun nan, Asabar kawai nake ganinki. Da ya mutu sai ga ki kullum, da burodi. Na ce in na yi magana za ki huta da fargaba, ki koma Asabar."

Auta ta kifa goshinta a kan hannunsa. Kuka ya zo mata irin wanda ba shi da sauti. Abin da tsohon nan yake so ke nan tun farko, shayi da burodi da mutum a kujerar da ke kallonsa. Da ya roƙa da an ba shi, da ta lura da ba sai ya roƙa ba. Maimakon haka sai da rai huɗu suka salwanta, yana shaƙar ƙurarsu a falonsa, shi da ita kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Ya taɓa kanta da yatsu. Ya ce kada ta sake kawo masa wani ɗan haya, gidan ya gaji da baƙi. Sannan ya tambaya ko gobe da safe za ta zo.

Ta ce za ta zo. Ta ce kullum za ta zo, ko da tsuntsu ko babu.

Yaya ne ya kwana a wajensa. Shida da rabi Auta na hawa matakalar asibitin, burodi a hannu ɗaya, filas a ɗaya. Wayarta ta yi ƙara sau biyu a cikin jaka tun tana hanya, hannuwanta a cike, ta ce ai ga ta nan ta kusa. Ta tarar da Yaya a zaune a ƙasa a baranda, ya jingina da bango, bai ɗago ba.

Ta shiga. An kashe na'urar iskar, ɗakin shiru. An ja farin zanen gado an rufe Baba har kai.

Kusan sati huɗu ta yi tana tsayawa haka da safe a gaban zane, tana sauraron ko akwai motsi a ƙarƙashi. Ta ajiye burodin a kan kujera, ta kama gefen zanen da yatsu biyu yadda hannunta ya saba, ta ɗaga. Wannan karon babu inda za ta ruga, babu kuma abin da za a ba ta ta dawo da shi.